Shaidun wasiyya sun rasu ko sun ɓace: shin wasiyyar ta mutu tare da su?

Tambaya: Barista, ina yi maka fatan alheri. Mahaifinmu Kirista ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, ya rasu wata huɗu da suka wuce, ya bar gida biyu, ɗaya a Barnawa ɗaya a Narayi, da kuɗi a banki. A 2009 ya rubuta wasiyya a ofishin wani lauya, aka ajiye ta a Babbar Kotu, kuma ni ya naɗa in zartar da ita. Da aka buɗe ta sai muka ga cewa cikin mutum biyun da suka sa hannu a matsayin shaidu, ɗaya ya rasu tun 2016, ɗayan kuma ya bar Kaduna da daɗewa, babu wanda ya san inda yake. Baffanmu ya ce tunda babu shaidu wasiyyar ta zama takardar banza, sai dai a raba dukiyar bisa al'ada. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ina yi muku ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Maganar baffanku ba haka take ba a doka, ko da yake na fahimci inda ta samo asali, domin a zaman da muka saba yi a gida, idan shaida ya mutu to magana ta raunana. Ingancin rubutacciyar wasiyya yana tabbata ne a ranar da aka sa mata hannu. Idan a wannan rana ta 2009 an cika sharuɗɗan da doka ta gindaya, to babu abin da zai faru da shaidu daga baya, mutuwa ce ko hauka ko ƙaura, da zai warware abin da aka riga aka ƙulla. Abin da rashin shaidu yake tayarwa shi ne tambayar yadda za a gamsar da kotu cewa an cika sharuɗɗan, kuma doka ta daɗe da tanadar wa wannan hanyoyi, saboda ta san cewa mutum kan rubuta wasiyya ya ƙara shekara ashirin ko talatin a duniya, har ya binne waɗanda suka yi masa shaida.

Da yake mahaifinku Kirista ne kuma ya rubuta wasiyyarsa ta hannun lauya, dokar da ta shafe ku ita ce Dokar Wasiyya ta Jihar Kaduna, wadda ta gaji ƙashin bayanta daga dokar wasiyya ta Ingila ta 1837. Sharuɗɗan ba su da yawa. Wasiyya ta kasance a rubuce. Mai wasiyya ya sa hannu da kansa, ko wani ya sa masa a gabansa bisa umarninsa. Ya sa hannun, ko ya amsa cewa sa hannun nasa ne, a gaban aƙalla shaidu biyu da suke tare a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Su kuma shaidun su sa nasu hannun a gabansa. Ki lura da abu biyu a nan. Na farko, ba a ce sai shaidun sun san abin da ke cikin takardar ba, domin sa hannun suke shaida. Na biyu, babu inda aka ce sai sun rayu bayan mai wasiyya, ko sai sun zo kotu da ƙafarsu kafin a karɓi takardar.

Takardar da kike nema daga kotu ita ce wadda lauyoyi ke kira furobet, wato tabbacin kotu cewa wannan ita ce wasiyyar mamaci ta ƙarshe kuma ke ce mai ikon zartar da ita. Sai da ita banki zai saki kuɗi, sai da ita kuma za a iya sauya suna a takardun gidaje. Hanya biyu ake bi a same ta. Idan babu mai jayayya, aikin ofis ne a sashen furobet na Babbar Kotu: a cika fom, a yi rantsuwa, a lissafa dukiya, a biya kuɗin da aka yanka, rajistara ya duba takardar ya gamsu. Idan kuwa wani ya shigar da takardar dakatarwa, wadda ake kira kabiyat, kuma ya tsaya a kan bakansa, to magana ta koma gaban alƙali, a kira shaidu a yi musu tambayoyi. Yawancin wasiyyoyi ta hanyar farko suke wucewa ba tare da an nemi ko shaida ɗaya ba, kuma dalilin haka yana shafin ƙarshe na takardar.

Ki ɗauko kwafin da aka ba ki, ki duba ƙasan sa hannun mahaifinku. Lauyan da ya san aikinsa yakan rubuta wasu 'yan layuka a wurin, masu cewa mai wasiyya ya sa hannu a gabanmu mu biyu muna tare a lokaci ɗaya, mu kuma muka sa hannu a gabansa, sannan sunayen shaidu da adireshinsu da sana'arsu su biyo baya. Doka ba ta wajabta waɗannan layuka ba, amma amfaninsu yana da girma ƙwarai, domin idan suna nan kuma takardar ba ta da wani aibi da ido ke gani, kotu tana ɗaukar cewa an yi komai yadda ya kamata har sai an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Wannan ɗauka ta doka ba abin wasa ba ce. A Ingila, inda muka samo ƙa'idar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a shari'ar Sherrington ta 2005 sai da hujja mafi ƙarfi za a iya rusa ta, ko da shaidun suna raye kuma sun zo suna cewa ba su tuna yadda aka yi ba. Hikimar abin a fili take: takardar da aka rubuta a ranar ta fi ƙwaƙwalwar mutum bayan shekaru riƙe abin da ya faru, kuma ba daidai ba ne a bar nufin mamaci ya rataya a kan mantuwar wani ko a kan sauyin zuciyarsa. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ma ta ce idan shaidan da ya sa hannu ya musanta ko ya ce ya manta, ana iya tabbatar da sa hannun ta wata hujja dabam. To idan musun shaida mai rai bai isa ya kashe wasiyya kai tsaye ba, ina ga shirun wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Idan layukan nan babu su, ko an rubuta su a taƙaice ba su faɗi cewa shaidun suna tare ba, ko rajistara ya ga wani abu da ya sa masa shakka, ƙa'idojin kotu sun shimfiɗa matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a tsallake na sama sai an nuna ya gagara. Matakin farko shi ne takardar rantsuwa daga ɗaya daga cikin shaidun. Ɗaya ya wadatar. Saboda haka mutumin nan da kuka ce ya bar Kaduna, kada ku yi saurin cewa ya ɓace. A aikina na sha ganin iyalin da suka rantse ba a san inda shaida yake ba, amma da aka bi adireshin da ke jikin wasiyyar, aka tambayi mai unguwa da tsofaffin maƙwabta da majami'ar da yake zuwa da ƙungiyar 'yan fansho ta wurin aikinsa, cikin mako biyu aka samo lambar ɗansa. Idan aka same shi, ba dole ne ya zo Kaduna ba. Yana iya yin rantsuwar a kotun garin da yake, in kuma yana ƙasar waje ya yi ta a gaban jami'in da dokar can ta ba ikon rantsar da mutane, a aiko. Idan kuma an neme shi da gaske ba a same shi ba, to neman kansa ya zama hujja: ki rubuta ranar da aka je, wanda aka tambaya, amsar da ya bayar, wasiƙar da aka aika ta dawo, sanarwar da aka buga a jarida. Kotu ba ta karɓar “ba mu san inda yake ba” haka kawai, tana so ta ga an zubar da gumi. Shi kuma wanda ya rasu a 2016, a samo takardar shaidar mutuwarsa, ko wani daga iyalinsa ya yi rantsuwa a kai.

Mataki na biyu shi ne duk wani wanda yake ɗakin lokacin da aka sa hannu, ko da bai sa nasa ba. A nan ne nake so ki mai da hankali, domin ba ki ce komai game da lauyan da ya rubuta wasiyyar ba, alhali a irin wannan shari'a shi ne mutum mafi daraja. Idan yana raye, shi ya karɓi umarni daga bakin mahaifinku, shi ya tsara takardar, kuma galibi a gabansa aka sa hannu. Zai iya faɗin yadda mahaifinku ya zo, da halin da yake ciki, da ko an karanta masa. Idan ya rasu ko ya rufe ofis, a nemi akawunsa ko sakatariyar da ta buga takardar, a kuma tambayi reshen ƙungiyar lauyoyi na Kaduna wanda ya gaji fayilolinsa. Fayil ɗin kan ƙunshi rubutun da lauya ya yi da hannunsa yayin da yake sauraron mai wasiyya, da daftarin farko, da rasit, da wasiƙar da aka kai wasiyyar kotu da ita. Dokar Shaida ta yarda a karɓi abin da mutum ya rubuta a cikin aikinsa na yau da kullum idan ya mutu ko ba a iya samunsa, don haka mutuwar lauyan ma ba ta rufe wannan ƙofa ba.

Mataki na uku, idan duk waɗannan sun gagara, shi ne a tabbatar da rubutun hannu: a nuna cewa sa hannun da ke wurin mai wasiyya na mahaifinku ne, na shaidun kuma nasu ne, tare da duk wani yanayi da ke ƙarfafa cewa an yi abin bisa ƙa'ida. Ana yin haka ta fuska uku. Akwai shaidar wanda ya saba da rubutun mutum, kamar wanda ya sha ganinsa yana rubutu, ko wanda takardunsa suka riƙa bi ta hannunsa a wurin aiki, kuma sashe na 72 na Dokar Shaida ya karɓi ra'ayin irin wannan mutum. Matar shaidan da ya rasu, ko ɗansa, ko tsohon abokin aikinsa, kowannensu zai iya cewa wannan sa hannun mai gidana ne, na san shi. Akwai ra'ayin ƙwararren mai binciken rubutu ƙarƙashin sashe na 68, wanda ake nema idan jayayya ta yi zafi. Sannan sashe na 101 ya ba alƙali ikon ya ɗora sa hannun da ake gardama a kansa kusa da wanda kowa ya yarda da shi, ya kwatanta da idonsa.

Wannan kwatanci yana buƙatar samfuri mai kyau, kuma a nan ne mutane suke yin sakaci. Sa hannun mutum yana sauyawa da shekaru, musamman idan tsufa ko hawan jini ko rawar hannu suka shigo. Idan kika kawo sa hannun da mahaifinku ya yi a watanninsa na ƙarshe aka ɗora kusa da na 2009, bambancin da za a gani zai iya zama makami a hannun mai jayayya alhali babu wata maƙarƙashiya. Ki nemi takardun da ya sa wa hannu tsakanin kamar 2006 da 2012: katin sa hannu na banki da cek ɗin da ya rubuta, takardun sallama da na fansho, yarjejeniyar haya da 'yan hayarsa, takardun neman shaidar mallakar fili waɗanda fayilolinsu suke hannun KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Kaduna, rajistar aure ko ta baftisma inda ya tsaya wa wani. A samo na asali idan da hali, domin ƙwararru suna duba nauyin alƙalami da yadda layi ya tashi ya sauka, abin da hoton takarda ba ya nunawa sosai. Waɗanda suka fito daga ma'ajiyar banki ko ta gwamnati sun fi waɗanda aka ciro daga akwatin gida ƙarfi, saboda ba wanda zai ce ku kuka shirya su.

Idan mahaifinku dangwale ya yi da yatsa maimakon sa hannu, wasiyyar tana nan daram, kuma zanen yatsa ya fi rubutu sauƙin tabbatarwa idan tawadar ta fito da kyau. Sai dai a wannan hali, ko idan bai iya karatun Turanci ba, ko idanunsa sun riga sun tafi a lokacin, kotu za ta so ta gamsu cewa an karanta masa takardar an fassara masa da harshen da yake ji, ya kuma nuna ya fahimta kafin ya dangwala. Lauyoyi kan rubuta wannan bayani a jikin wasiyyar tare da sunan tafinta. Idan akwai sunan tafinta, shi ma mutum ne da za a nema.

Akwai kuma sashe na 155 na Dokar Shaida, wanda ya ce takardar da ta kai shekara 20 kuma ta fito daga ma'ajiyar da ta dace, kotu na iya ɗaukar cewa sa hannunta da shaidarta duk daidai ne. Taku ta 2009 ba ta kai ba tukuna, amma na ambata saboda masu riƙe da tsofaffin takardu. Abin da zai amfane ku shi ne rabin maganar na biyu, wato ma'ajiya. Wasiyyar da aka kai kotu a rufe tun mai ita yana raye, aka rubuta ranar karɓarta a rajista, ta zauna a can har aka buɗe ta a gaban iyali, ta fi ƙarfin zargin cewa wani ya ƙirƙiro ta bayan mutuwa. Ki nemi kwafin shafin rajistar da rasit ɗin ajiya. A ganina wannan ita ce hujja mafi kwantar da hankali a cikin duk abin da kika faɗa.

Yanzu a ce baffanku ya shigar da kabiyat magana ta je gaban alƙali. Ƙa'idar da kotunanmu suke bi tun shari'ar Johnson da Maja ta 1951, wadda Kotun Ƙoli ta sake jaddadawa a shari'ar Okelola da Boyle ta 1998, ita ce nauyin farko yana kan mai gabatar da wasiyya. Ke za ki fara nuna cewa an sa hannu bisa ƙa'ida, mai wasiyya yana cikin hankalinsa, kuma ya san abin da ke ciki ya yarda da shi. Idan kika yi haka, nauyi ya koma kan mai suka, shi zai kawo hujjar abin da yake zargi. Cikakken hankali a nan yana da ma'auni tun shari'ar Banks da Goodfellow ta 1870: mutum ya san wasiyya yake yi, ya san gwargwadon abin da ya mallaka, ya tuna waɗanda suke da haƙƙin ya tuna da su, kuma babu wata cutar ƙwaƙwalwa da ta karkatar da hukuncinsa. Shaidun da suka sa hannu su ne aka saba tambaya game da wannan, amma a rashinsu likitansa da fastonsa da abokan huldarsa na wancan lokaci za su iya bayani, haka ma takardun da ke nuna cewa a 2009 shi yake karɓar hayarsa yana tafiyar da asusunsa. Mutumin da ya rayu fiye da shekara goma bayan wasiyya yana harkokinsa bai soke ta ba, da wuya a ce bai san da ita ba. Sashe na 45 na Dokar Shaida ya kuma yarda a kawo maganganun da mamaci ya yi game da nufinsa idan ana gardamar ko wasiyyar ta gaske ce, don haka wanda mahaifinku ya taɓa gaya wa “gidan Narayi na bar wa wance” shaidarsa tana da amfani. Idan kuwa baffanku ya ce jabu ce, to ya zargi wani da laifi ke nan, kuma sashe na 135 ya ce zargin laifi ko a shari'ar da ba ta laifi ba sai an tabbatar da shi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba. Wannan dutse ne mai nauyi, ba a ɗaga shi da zato.

Dole in gaya miki inda za a iya matsa miki. Idan ke ce kika kai mahaifinku wurin lauyan, ko kina ɗakin lokacin da yake ba da umarni, kuma kaso mafi tsoka ya faɗo miki, kotu za ta duba lamarin da idon tuhuma, kuma sai kin kawar da wannan tuhuma. Ki faɗa wa lauyanki gaskiyar wannan tun ranar farko, kada ya fara jin ta a bakin abokin hamayya. Haka kuma akwai aibin da babu wata ɗauka ta doka da za ta rufe. Idan sa hannun shaida ɗaya ne kawai a takardar, ko aka tabbatar cewa ɗaya ya sa nasa yau ɗayan ya zo jibi ba tare da mai wasiyya ya amsa sa hannunsa a gabansu tare ba, wasiyyar ta faɗi, kamar yadda ya faru a shari'ar Apatira da Akanke ta 1944. Gyaran da aka yi da biro a tsakiyar takarda ba tare da sa hannun mai wasiyya da shaidu a gefensa ba, ba a aiki da shi. Idan ɗaya daga cikin shaidun, ko matarsa, yana cikin waɗanda aka yi wa kyauta, wasiyyar tana tsayawa amma kyautarsa ta faɗi. Kuma ina roƙonki, duk wanda ya zo da shawarar a nemo wani ya rantse cewa yana wurin alhali ba ya nan, ko a cike wani gurbi a takardar, ki kore shi. Rantsuwar ƙarya da jabu laifuffuka ne a Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, kuma ƙarya ɗaya da aka kama takan sa alƙali ya daina yarda da gaskiyar da ke tare da ita, a rasa wasiyyar da da an bar ta da kanta za ta tsaya.

Da yake da yawa daga masu irin wannan tambaya a Kaduna Musulmi ne, kuma gidaje da yawa a garin nan sun haɗa addinai biyu, ba zan bar maganar a nan ba, domin amsar tana sauyawa sosai. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Adesubokan da Yunusa cewa Musulmi yana iya yin wasiyya ƙarƙashin dokar 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama. Hukuncin bai yi wa Musulmi daɗi ba, kuma daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka sa a dokokinsu cewa dokar wasiyya ba ta hau kan wasiyyar mutumin da yake ƙarƙashin shari'ar Musulunci har zuwa rasuwarsa ba. A kan irin wannan tanadi na Kwara ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi a shari'ar Ajibaiye ta 2007. Saboda haka wasiyyar Musulmi a Kaduna da ma'aunin shari'a ake auna ta, a kotun shari'a, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa wasiyya da gadon Musulmi cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take saurare. Kafin a zo kan shaidu ma, akwai iyaka biyu: wasiyya ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan jana'iza da bashi, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, kuma babu wasiyya ga magaji, sai dai idan sauran magada sun amince.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi, rubutu ba sharaɗi ba ne, wasiyyar baka tana inganta idan an shaide ta. Shaidar ita ce ginshiƙi, kuma aya ta 106 ta Suratul Ma'ida ta ambaci adalai biyu a lokacin wasiyya. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne abin da Mukhtasar na Shaihu Khalil ya faɗa: idan aka tarar da wasiyya da rubutun hannun mamaci, amma bai sa an shaida ba kuma bai ce a zartar da ita ba, ba a zartar da ita, domin mai yiwuwa ne ya rubuta yana shawara da zuciyarsa bai yanke ba, ko ya janye daga baya. To amma idan ya sa an shaida, shaidun suka sa hannu, sannan suka mutu ko suka yi nisa, malamanmu sun buɗe ƙofar shaida a kan rubutu. Mukhtasar da Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim, littattafan da alƙalanmu suke buɗewa kullum, duk sun yarda adalai biyu da suka san rubutun shaidan su tabbatar cewa nasa ne, a yi aiki da shi kamar ya zo da kansa, matuƙar an san shi da adalci. Akwai kuma naƙalin shaida, inda shaidan asali ya ce wa wasu ku shaida a kan shaidata, su kuma su isar da ita bayan ya mutu ko ya yi nisa ko ciwo ya kwantar da shi. Da yake wasiyyar dukiya magana ce ta dukiya, ana karɓar namiji ɗaya da mata biyu, ana kuma karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar wanda aka yi wa wasiyyar idan mutum ne ayyananne. Sannan idan magada baligai masu hankali suka yi iƙrari cewa lallai mahaifinsu ya yi wannan wasiyya, iƙrarinsu ya hau kansu. Alƙali zai nemi tazkiyar shaidu, wato a tabbatar masa da adalcinsu, ya kuma yi wa wanda ake ƙara i'izari, wato ya tambaye shi ko yana da sauran suka ko hujja, kafin ya yanke. Duk mai lura zai ga cewa fiƙihunmu da dokar da aka gada daga Ingila sun haɗu a kan tabbatar da rubutun shaidan da ya mutu, kowanne ta hanyarsa.

In dawo kanki, 'yar'uwa. Kafin furobet ya fito, kada ki sayar da komai, kada ki raba komai, kuma kada ki bari wani ya yi. Aikinki a yanzu tsarewa ne: ki riƙa karɓar haya kina rubutawa, ki adana rasit na duk abin da aka kashe, ki killace takardun gidajen. Ki ɗauki lauya ya duba ainihin takardar da ke kotu shafi bayan shafi, ya kuma bincika ko mahaifinku ya sake yin wata wasiyya ko ya ɗaura auren rajista bayan 2009, domin kowanne daga cikin biyun yana iya soke ta farko. Shi kuma baffanku, ina ba ki shawara ki je ki same shi tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ki nuna masa kwafin wasiyyar da rasit ɗin ajiyarta a kotu, ki bar shi ya ga sa hannun mahaifinku da idonsa. Shi ma mutum ne da ya san wannan sa hannu shekara da shekaru, kuma idan ya amsa cewa na ɗan'uwansa ne, rantsuwarsa tana cikin waɗanda rajistara zai iya karɓa.